Kasuwar Mako Uku, Aikin Wata Goma: Yadda Nake Rainon Filoks Mai Rarrafe

Shekarata tara ke nan ina rainon furanni a arewa maso gabashin jihar Ohayo ta Amurka, a gefen tafkin Eri, inda lambunan raino suka yi yawa kamar gonakin albasa a fadama. Biyar daga ciki a ƙarƙashin wani dattijon Bature na yi su, ragowar kuma a ɗan filin da na kama haya na kafa rumfunan leda biyu. Cikin duk abin da nake sayarwa babu mai tashi da wuri kamar filoks mai rarrafe, babu kuma mai yin kwantai irin nasa idan ka makara. Wani ƙanena da ke birnin Kolombus ya matsa mini da tambaya, wai shi ma yana so ya shiga harkar, shi ne na ce bari in zauna in zayyana masa, wataƙila wani ma ya amfana.

Da farko ka san abin da kake sayarwa, domin tsiro biyu ne ke amsa wannan suna. Wanda mutane suka fi nema shi ne Phlox subulata, mai ganye siriri da tsini kamar basilla, kuma ma'anar sunan nasa ke nan a Latin. Tsayinsa ba ya wuce santimita 15, amma yana yaɗo ya shimfiɗu kamar darduma, duk inda reshe ya kwanta a ƙasa sai ya sa saiwa, irin yadda ƙiri-ƙiri ke yi. Shi rana yake so. Ɗayan, Phlox stolonifera, ɗan dajin tsaunukan Afalashiya ne, ganyensa da faɗi, kuma inuwa ta fi karɓarsa. Shi ne ƙungiyar masu noman furanni masu daɗewa ta Amurka ta zaɓa gwarzon shekara a 1990. Ina ajiye kaɗan daga cikinsa saboda masu gidaje a ƙarƙashin bishiyoyi, amma abincina a subulata yake, kuma maganarsa zan yi. Dukkansu 'yan asalin gabashin Amurka ta Arewa ne. Japanawa sun ɗauki subulata sun mai da shi abin kallo, suna ce masa shibazakura, har mutane kan yi tattaki zuwa gindin dutsen Fuji su ga filin da ya rufe.

Abin da ya kamata ya zauna maka a kai shi ne, furen nan mako uku zuwa huɗu yake yi, a wajenmu daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu. Ranar iyaye mata, Lahadi ta biyu a watan Mayu, tana faɗowa a ciki, kuma ita ce babbar ranar cin kasuwar masu fure. Tukunyar da ta cika da fure a makon nan ko tayi ba a yi. Ita dai wannan tukunyar, ka kai ta a watan Yuni bayan fure ya zube, mai saye zai wuce ta yana zaton ciyawa ce. Saboda haka lissafi daga baya ake faro shi. Abin da za ka sayar a Afrilun baɗi, a Yunin bana ake yanka shi. Maigidana, dattijon Baturen nan, yakan ce duk wanda ya zo neman kuɗin filoks a watan Maris ya riga ya makara da wata tara.

Ba a shuka iri idan sayarwa za a yi, don ba zai ba ka launin uwarsa daidai ba. Reshe ake yanka. Bayan fure ya zube nakan aske iyayen, in jira mako biyu ko uku su fitar da sabon toho, sannan in yanka da sassafe kafin rana ta yi zafi. Tsawon kowane yanki kamar gaɓa biyu ta ɗan yatsa, santimita 4 zuwa 5. Ka kama shi da hagu, ka zare ganyen ƙasa da farcen babban yatsa, ka ɗan dangwala gindin a hodar sa saiwa, ka kaɗe, ka soke. Ganyen yana da ɗan ƙaiƙayi, zuwa azahar yatsunka sun yi ja. Ina amfani da tire mai rami 72, kuma guda uku nake sokewa a kowane rami. Wasu ɗaya suke sawa don tsimi, amma tsimin nan a watan Afrilu ake biyansa, lokacin da tukunya za ta fito da sanƙo a gefe guda.

Tiren a inuwa mai haske yake zama, ana yi masa feshi sama-sama don kada ya yi yaushi. Idan ɗumin ƙasar yana wajen digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, cikin mako uku zuwa huɗu saiwa ta kama. Yadda za ka gane, ka ɗan ja ɗaya a hankali. In ya yi maka gardama, to ya kama. Daga ranar sai ka rage feshi. Wannan tsiro ɗan gangaren dutse da yashi ne, ƙishirwa ba ta cika kashe shi ba, ruwa ne ajalinsa.

Abu biyu kafin ka sa almakashi. Na ɗaya, ka duba iyayen da kyau. Akwai wata tsutsa da ido ba ya gani da ke shiga cikin kara ta sa toho ya murɗe ya kumbura, kuma ta hanyar yanka take bin 'ya'ya. Uwar da ka ga ta murɗe, a shara za ta kwana, kada ka ji tausayinta. Na biyu, ka karanta takardar da ke jikin tukunyar da ka sayo. Tun 1930 Amurka take da dokar mallakar sabbin nau'o'in tsirrai, kariyar kuma shekara 20 ce. In ka ga harufan PP da lamba (alamar an mallaka), ko PPAF (an nemi mallaka), ba ka da ikon yanka shi ka sayar sai da izini, muddin kariyar ba ta ƙare ba. Tsofaffin nau'o'i irin su Emerald Blue, Emerald Pink, Candy Stripe da Scarlet Flame sun ishe ka fara kasuwa. Haka nan ka nemi lasisin sayar da tsirrai daga ma'aikatar gona ta jiharka, a nan Ohayo dole ne.

Sai maganar alama, wadda ta taɓa kunyata ni. Idan babu fure, shuɗi da ja da fari duk kamanninsu ɗaya, ko kai da ka yanka ba za ka rantse ba. Shekarar farko da na tsaya da ƙafata, da alƙalamin tawada na rubuta sunaye a 'yan sandunan roba. Kafin Satumba rana ta cinye rubutun tas. Wata mata ta yi odar shuɗi talatin za ta jera a bakin katangar gidanta, na ɗiba mata da zato tun suna ƙulli. Bayan kwana goma ta turo mini hoto: shuɗi, ruwan hoda, shuɗi, fari, kamar zanen atamfa. Na mayar mata da kuɗinta, na kuma ba ta haƙuri. Tun daga nan da fensir nake rubutu, sanda biyu a kowane tire, ɗaya a tsaye ɗaya a binne, kuma ba na yanka launi biyu a kan tebur ɗaya.

Cikin Agusta nake juye su a tukwanen sayarwa. Mafi yawa a ƙaramar nan mai cin kusan lita ɗaya, dunƙule ɗaya a kowace. Ta galan kuwa biyu ko uku nake sa mata. Ƙasar tukunya ta zama mai sakin ruwa: ɓawon itacen fayin (pine) da aka niƙa, da ruɓaɓɓen gansakuka, da farar tsakuwar nan mara nauyi, tsaminta kuma wajen 6 a ma'aunin pH. Kada ka binne wuyan tsiron, ka bar shi daidai da fuskar ƙasa. Taki kaɗan, irin mai narkewa a hankali. In ya yi yawa sai ya yi ta zuba ganye mai taushi da ba ya jure sanyi. Bayan ya kama ka aske kansa sau ɗaya don ya yi rassa. Burinka kafin ƙarshen Oktoba ganye ya rufe bakin tukunya ruf, domin abin da bai cika ba kafin sanyi ba zai cika kafin fure ba. Ban ruwa da safe, ka kuma ɗaga tukunya ka ji nauyinta kafin ka ƙara. In rani ya yi zafi da bushewa, ka riƙa kaɗa ganye a kan farar takarda; ɗigo-ɗigon da ka ga suna motsi 'yan mitsitsin ƙwari ne dangin gizo-gizo, su ke sa ganye ya koɗe.

Yanzu hunturu. Filoks sai ya sha sanyi na makonni, aƙalla shida zuwa takwas a ƙasa da digiri 5 ko kusa da haka, kafin ya yi fure na kirki. Shi ya sa da wani abokina ya ce in aiko masa Kano ya gwada, na ce masa ya bar kuɗinsa a aljihu, sanyin hunturunmu na gida bai kai inda tsiron ke so ba. A nan kuwa matsalar ita ce kada sanyin ya wuce kima, don saiwar da ke cikin roba ba ta da kariyar da ta cikin ƙasa take da ita. A ƙarshen Nuwamba nake jera tukwanen jiki da jiki cikin rumfa mara wuta, in ba su ruwa sau ɗaya sosai, in rufe da farar leda. Fara, ba garau ba. Mai garau tana tara zafi da rana, tsiro ya farka ya yi toho, dare ya yi ya daskare. Ka sa tarkon ɓeraye a kusurwoyi, domin su ma wurin ɗumi suke nema, kuma ƙarƙashin dardumar filoks gida ne a wurinsu.

Asarar da ta fi yi mini ciwo a nan na yi ta. Wata shekara cikin Fabrairu aka yi kwanaki na ɗumi, ni kuma ina can ina aikin kwashe dusar ƙanƙara da gyare-gyaren gidajen mutane, ban leƙa rumfa ba. Da na buɗe ƙofa sai wani wari na damshi ya buge ni, ruwa na ɗiga daga leda. Na buɗa tsakiyar wata tukunya da yatsa, sai ga fumfuna toka-toka ta lulluɓe karan, ganye ya zama kamar dafaffen alayyafo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na rumfar na zubar. Maganin bai wuce buɗe ƙofofin gaba da baya ba duk ranar da sanyi ya sassauta, iska ta ratsa. Yanzu ko ina ina, in na ga rana ta fito a Fabrairu sai na je.

A tsakiyar Maris nake yaye ledar, in tsince busasshen ganye, in ba su taki kaɗan, in ware tukwanen su sha iska. Ga wata dabara da na koya wurin maigidana: kada ka bari duka su buɗe rana ɗaya. Kashi ɗaya ka bar shi a rumfa mai ɗan ɗumi ya riga, kashi ɗaya a fili, na ƙarshe a bayan gini ta arewa inda rana ba ta kaiwa sosai. Da haka mako ukun nan sai ya kusa zama biyar. Ka fitar da kaya lokacin da ƙulli ya fara nuna launi da 'yan furanni a buɗe, don mai shago ya samu kwanakin sayarwa. A tebur kuma launi-launi nake jerawa, shuɗi wuri ɗaya, ja wuri ɗaya, daga kan titi ake hango su.

Mai saye kuma ka gaya masa gaskiya, shi zai dawo maka baɗi. Wurin ya samu rana ta awa shida, kada ruwa ya kwanta. Gangare, bakin katanga da tsakanin duwatsu su ne wurinsa. Tazara santimita 30 zuwa 45. Ya cire ciyawa tas kafin ya dasa, don in ta ratsa cikin dardumar fitar da ita sai an yi da gaske. Ba filin ƙwallo ba ne, ba ya jure yawan taku. Barewa ba ta cika damunsa ba, zomo kuwa yakan ɗan taɓa. In fure ya zube ya aske kamar kashi ɗaya cikin uku, bayan 'yan shekaru kuma in tsakiya ta bushe ya tone ya raba ya sake dasawa.

Wanda ya yi saura bayan kasuwa ta watse ba na karya masa farashi. Nakan ware masu lafiya, in tabbatar da alamarsu tun da sauran fure ɗaya ko biyu a jiki, in aske su, in kai su bayan rumfa. Su zan yanka a watan Yuni.