Yadda Ake Ziyartar Gaɓar Teku Mai Tsakuwa a Kudancin Ingila

Yawancin mutanen Kaduna da suka taɓa ganin teku a Legas suka gan shi, saboda haka idan aka ce bakin teku, abin da ke zuwa a ransu shi ne rairayi mai laushi wanda mutum zai cire takalmi ya taka. To amma akwai gaɓoɓi masu yawa a duniya waɗanda babu rairayi a cikinsu, sai tsakuwa zalla da ruwa ya goge ta ta yi santsi, kuma galibi a gindin duwatsu masu tsayi suke. Tun da yake ɗalibanmu da ma'aikatanmu da iyayen da ke zuwa ganin 'ya'yansu suna da yawa a Ingila, kuma da dama daga cikinsu kan so su fita daga birni su sha iska, ya dace a bayyana yadda ake zuwa irin wannan wuri a dawo lafiya, domin ƙa'idojinsa sun sha bamban da na ruwan da muka saba da shi.

Wurin da na ga ya fi cancantar a fara da shi shi ne gaɓar da ta taso daga Exmouth a gabashin Devon ta ƙare a Studland cikin Dorset, mai tsawon kimanin kilomita 154, wadda Hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2001 saboda duwatsunta suna ɗauke da tarihin ƙasa na shekaru miliyan 185. Daga tashar Waterloo ta Landan jirgin ƙasa yana kai mutum Weymouth cikin kimanin sa'a 3, wanda kuma yake nufin Lyme Regis sai ya sauka a Axminster ya ƙarasa da bas. Motocin bas da ke bin ƙauyukan gaɓar suna raguwa sosai da zarar lokacin zafi ya wuce, don haka kafin ka bar gida ka san lokacin tashin bas ɗin ƙarshe.

Abu na farko da za ka duba, tun kafin tikitin jirgi, shi ne jadawalin cikowa da janyewar ruwa na ranar da ka zaɓa. A nan ne ɗan Kaduna ya fi buƙatar ya gyara tunaninsa. Mu mun san Kogin Kaduna yana cika ne idan damina ta yi nisa, kuma wanda ya ga gari garau ba hadari yakan saki jiki ya zauna a kan dutsen bakin kogi. Teku ba ya jiran hadari. Yana cikowa sau biyu a kowace rana ko da rana tana ƙwallewa, tsakanin cikowa ɗaya da mai bi mata akwai kusan sa'a 12 da minti 25, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da misalin minti 50 kullum, wanda ke nufin lokacin da wani abokinka ya je makon jiya ya sami fili ba zai yi maka amfani ba a wannan makon. Ana samun jadawalin kyauta a intanet, akan kuma liƙa shi a allunan da ke mashigin gaɓar, sai dai ka tabbata na garin da za ka je ne, domin lokacin ya bambanta daga wannan gari zuwa wancan.

Akwai wani ilimi da muke da shi a hannu wanda zai taimaka a nan, wato lissafin wata. Jan da wata da rana suke yi wa ruwan teku shi ne ke haddasa cikowar, kuma idan suka jeru a layi ɗaya da duniya ƙarfinsu yakan haɗu. Hakan na faruwa a kwanakin tsayuwar sabon wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu, a lokacin ne ruwa yake hawa fiye da kullum, yake kuma janyewa fiye da kullum. Wanda ya san yau nawa ga wata ya riga ya san ko ruwan ranar mai ƙarfi ne. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce ka sauka gaɓar bayan ruwa ya fara janyewa, ka juyo da zarar ya kai ƙarshen janyewarsa, kada ka jira sai ka ga ya fara dawowa da idonka. Haɗarin ba a gabanka yake ba, a bayanka yake: za ka zagaya wani hancin dutse ka shiga lungu mai kyau, kana can kana ɗaukar hoto ruwa ya rufe hanyar da ka biyo, ga dutse a miƙe a bayanka wanda ba ya hawuwa.

Shi kansa dutsen abin tsoro ne na biyu. Duwatsun wannan gaɓa ba irin na Kajuru ko Kufena ba ne da suke daskare wuri guda tun kaka da kakanni. Da yawansu dutsen yashi ne ko yumɓu, ruwan sama yana ratsa su daga sama, teku yana cin gindinsu daga ƙasa, sai su zabtaro ba tare da wata alama ba. A watan Yulin 2012 zabtarewar dutse ta kashe wata matashiya a gaɓar Burton Bradstock tana tafiya da 'yan uwanta, kuma har yanzu kusan kowace shekara ana samun manyan zabtarewa a yankin West Bay. Ɗabi'armu ce mu nemi inuwa mu shimfiɗa tabarma, kuma inuwar da ta fi jan hankali a wurin ita ce ta gindin dutse, wadda ita ce mafi munin wurin zama. Idan ka ga tarin ƙasa da buraguzan dutse sababbi a ƙasa, launinsu ya fi na kewaye haske, to wurin bai daɗe da zubowa ba, kuma saura na nan tafe. Ka matsa can wajen ruwa, musamman bayan an kwana biyu ana ruwan sama. Haka nan idan kana tafiya a saman dutsen, ka tsaya a kan turbar da aka tsara, domin bakin yakan zama rufi ne kawai na ciyawa wanda ƙarƙashinsa ya riga ya rarake.

Batun takalmi ba ƙarami ba ne. Tafiya a kan tsakuwar teku tamkar hawa tulin tsakuwar da tifa ta juye a wurin gini ce: kana taka ƙafa tana nutsewa, tsakuwar tana zamewa baya, taku uku sai su zama biyu. Silifa da takalmin fata mai santsin ƙasa ba su da wuri a nan, abin da ake buƙata shi ne takalmi mai kauri da ke riƙe idon sawu, a sa shi da safa. Kilomita ɗaya a kan tsakuwa yana gajiyar da mutum fiye da biyu a kan titi, don haka wanda zai tafi da dattijo ko ƙananan yara ya rage burinsa. Tsakuwar da ke kusa da ruwa, wadda ta jiƙe ta danne, ta fi sauƙin takawa, amma ka guji duwatsun da gansakuka ta rufe. Ka ɗauki riga mai tare iska ko da a watan Yuli ne. Ga iyayenmu mata kuma, zai fi kyau a ɗaura ɗankwali sosai a sa hijabi madaidaici maimakon gyale mai faɗi, saboda iskar saman dutse tana da ƙarfin da za ta iya fizgar mayafi ta rinjayi mai shi.

Idan wuri ɗaya kaɗai za ka iya zuwa, to ka je Chesil. Wani dogon tudun tsakuwa ne mai tsawon kimanin kilomita 29 wanda ya miƙe daga West Bay har ya haɗe tsibirin Portland da sauran ƙasa, a bayansa kuma akwai wani tabki mai ruwan gishiri da ake kira Fleet. Abin mamakinsa shi ne yadda teku ya tantance tsakuwar da kansa: a ɓangaren West Bay ƙwayoyin ba su wuce girman wake ba, suna ƙara girma sannu a hankali har su kai dunƙulen hannu ko fiye a ɓangaren Portland. Mutanen yankin suna cewa masuntan zamanin da, idan suka sauka cikin duhu, sukan damƙi tsakuwa su gane inda suke daga girmanta. Hanya mafi sauƙi ita ce daga Weymouth ka nufi Ferrybridge, inda akwai cibiyar baƙi da gadar katako da ke kai mutum gindin tudun. Daga ƙasa ba za ka ga teku ba sam, sai dai ka ji shi. Ka hau a hankali har ƙololuwa, sannan ka zauna ka saurara, domin duk lokacin da igiyar ruwa ta koma tana jan dubban duwatsu tare da ita, ƙarar tana fitowa kamar dogon numfashi mai kaushi. Ka ɗauki guda ɗaya a jiƙe ka duba, za ka ga ruwan zuma da toka da ja-ja-ja a jikinta, idan ta bushe a tafin hannunka kuma sai launin ya dushe. Yawancinsu ƙanƙarar dutse ce, irin wadda ake ƙyasta wuta da ita.

Kada ka shiga ruwan Chesil. Gaɓar tsakuwa tana da gangare mai tsanani, taku kaɗan ne tsakanin ruwan idon sawu da wanda ya shanye kai, igiyar tana faɗowa da nauyi a bakin gaɓa sannan ta ja da baya da ƙarfi, tsakuwar da za ka dafa ka fito kuma tana zamewa. Ga sanyi: ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa mutum ya ja numfashi ba da son ransa ba da zarar ya faɗa, kuma ruwan wannan gaɓa yana ƙasa da haka a mafi yawan watannin shekara. Wanda ya iya iyo a kogi ko a kududdufi bai kamata ya ɗauka ya iya wannan ba. Mai son taɓa ruwa ya koma rairayin cikin garin Weymouth, inda ake ajiye masu ceto a lokacin zafi, ya tsaya tsakanin tutoci masu launin ja da ɗorawa. A ranar guguwa kuwa ko ƙololuwar tudun ba wurin tsayawa ba ne, domin a watan Nuwamban 1824 teku ya tsallake shi ya rushe gidaje a ƙauyukan Fleet da Chiswell.

Za ka ji sha'awar cika aljihu da tsakuwa don tsaraba, amma ka bar ta a inda ka same ta. Dokar kare gaɓar teku ta 1949 ta ba ƙananan hukumomi ikon hana ɗiba, ana kuma cin tara a kai, kuma dalilin a fili yake, tunda wannan tulin shi ne katangar da ke tsakanin teku da gidajen mutane. Wanda yake son abin riƙewa ya tafi Charmouth kusa da Lyme Regis, yankin da Mary Anning ta yi suna a ƙarni na 19 wajen tono ƙasusuwan halittun da suka shuɗe. A can an yarda mutum ya tsinci ƙananan katantanwa masu naɗi da suka zama dutse idan ya same su a zube a gaɓa, amma ba a yarda ya sassaƙi jikin dutse ba, akwai kuma cibiya a bakin gaɓar da ke shirya fita da jagora, wanda a ganina kuɗinsa bai tafi a banza ba ga wanda bai san abin da zai nema ba. Ka yi hattara da taɓon da ke malalowa daga gindin tsaunukan wurin, yana kama ƙafa har gwiwa. Daga bazara zuwa ƙarshen watan Agusta akan killace wani sashe na Chesil saboda tsuntsayen da ke ƙwai a kan tsakuwa, ƙwan nasu kuma ya saje da ita ƙwarai, don haka inda ka ga igiya ko allo ka kauce.

Ga mai sallah, akwai abubuwa biyu da zai kiyaye. Alƙibla a kudancin Ingila tana kudu maso gabas ne, ba gabas mai karkata arewa ba kamar yadda muka saba a Kaduna. Lokutan kuma suna sauyawa sosai, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, a Disamba kuwa wajen ƙarfe 4 na yamma duhu ya fara shiga, wanda ke nufin mai zuwa a lokacin sanyi yininsa gajere ne, dole ya haɗa lissafin ruwa da na haske. Ruwan teku yana halatta a yi alwala da shi, amma kada ka tsuguna a bakin gangare kana ba igiya baya, ka ɗebo a gora ka koma sama. Darduma mai kauri ta fi, domin siririya ba ta hana tsakuwa cin gwiwa. Abincin halal yana wuya a ƙananan ƙauyukan, saboda haka ka yi guzuri daga birni, ka kuma dawo da sharar ka a jaka.

Kafin ka sauka kowace gaɓa, ka sanar da wani inda ka nufa da lokacin da kake sa ran dawowa, ka cika wayarka da caji, ka kuma sani cewa a gindin duwatsu sabis yakan ɗauke. Idan ruwa ya tare ka, ko ka ga wani a cikin matsala, ka kira 999 ka nemi a haɗa ka da masu gadin gaɓar teku, ka faɗi sunan gaɓar da mashigin da ka biyo. Kada ka yi yunƙurin hawa dutsen, kada kuma ka faɗa ruwa don ceto wani. Wanda ya tsinci kansa cikin ruwa ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya bar kunnuwansa cikin ruwa har numfashinsa ya daidaita, sannan ya ɗaga hannu ya nemi taimako.