Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa tsohon babur ɗin daji kik

Na gaji da ganin tsofaffin Yamaha DT 175 da Honda XL 125 da aka kashe wa kuɗi, fenti sabo, kujera sabuwa, amma ka leƙa gefen dama ka tarar da kik (ƙarfen da ake takawa a tayar da inji) na wani mashin daban an cusa shi da ƙarfin tsiya.

Tushen matsalar shi ne saye da ido. Kik yana zama ne a kan shaf, wato sandar ƙarfe da ke fitowa daga inji, mai ƙananan haƙora, kuma kaurin shaf ɗin da yawan haƙoransa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani lokacin har tsakanin mashinan kamfani guda. Ni ba na zuwa kasuwa sai da tsohon kik a hannu, ko da karyayye ne, in ƙirga haƙora, in gwada faɗin ramin. Na ainihi da aka ciro daga mataccen mashin, irin wanda ake dacewa da shi a kasuwar Panteka ta Kaduna, ya fi mini sabo mai ƙyalli. In bai shiga da hannu ba, ba nasa ba ne. Ajiye gudumar nan!

Sai walda, wadda ita ce ta taɓa ƙona ni. Haƙoran shaf ɗin DT ɗina sun cinye, wani mai walda ya ce in kawo ya liƙe kik da shaf ɗin, minti biyar an gama. Zafin ya gasa oyil sil, robar da ke hana mai zuba, baƙin mai ya fara tsiyaya a kan takalmina. Da na tashi canza shi, murfin kuloci ya ƙi fita saboda kik ya tare hanya, dole aka yanke, na yi asarar kik da shaf gaba ɗaya, na shafe watanni ina neman wani. Ni ma da sauƙi, domin shaf ɗin DT yana bayan murfin nan ne. A XL 125 yana can cikin inji, sai an sauke an raba shi gida biyu. Don Allah, wane irin ganganci ne wannan saboda gyaran minti biyar?

Kuma me ke cinye haƙoran tun farko? Notin da ke matse tsagar bakin kik a kan shaf, in ya yi sako-sako. A zare shi gaba ɗaya kafin a cire kik, domin yana ratsa wani kwari da ke jikin shaf, masu sassautawa kawai su hau ɓamɓara da sukundireba su ne ke buɗa bakin. In ka ɗaure har leɓɓan tsagar suka haɗu amma kik na girgiɗi, ni nakan ƙara faɗin tsagar kaɗan da zarton ƙarfe, in sa sabon noti mai ƙarfi.

Lanƙwasa ma abin dubawa ce. Kik ɗin mashin titi, ko haƙoransa sun yi daidai, yakan daki matakin ƙafa ko birki kafin ya kai ƙasa. Danna shi a hankali da hannu tukuna ka ga inda zai bi.

Yi alama a kan shaf kafin ka cire tsohon, haƙori ɗaya ka kauce bugun ya gajarce. Ɗan ƙwallon ƙarfe da sifirin ɗin da ke gwiwar kik, a shafa musu giris, in sun ɓata zai dinga buɗewa yana dukan ƙaurinka. Kik mai ramawa kuwa, wato mai dawowa da ƙarfi ya daki ƙafa, kamar yadda aka san Yamaha XT 500 ta 1976 da shi, duba tayimin (saitin lokacin da wuta ke tashi a inji) da yadda kake sakin iskar inji kafin ka taka.