Yadda na rabu da koren tabo a hotunan dare

Wallahi kwana biyu duk hoton da na ɗauka a wajen dina sai ya fito da wasu korayen ɗigo-ɗigo daura da fitilu, har na fara zargin sensa, wato ɓangaren cikin kyamara da ke ɗaukar hoton, ita ce ta samu matsala, na goge na sake gogewa, shiru. Ashe filtar UV mai arahar nan ce, wato gilashin kariya da na ɗaura a gaban lens (idon kyamara) ɗina 50mm. Hasken fitila ke dukan sensa ya dawo kan gilashin filtar ya sake komawa ciki. Ina kwance ta kuwa tabon ya ɓace ɓat.

Yanzu da daddare hular lens kawai nake sawa, wato zoben nan da ke tare wa lens haske daga gefe. Amma ranar hawan sallah ko in ƙurar hunturu ta taso, ai dole filta ta koma, na dai sayi mai tsada wannan karon.