Yadda za ka shigar da maganar ƙanjamau masallaci ba tare da an kore ka ba

Ka fara da liman, kar ka fara da jama'a. In ka tashi bayan sallar isha'i ka ɗau makirufo ka hau bayanin garkuwar jiki ba ka sanar da shi ba, wallahi ko kai likita ne ka ɓata aikinka. Ka same shi a gida, ku gaisa, ka ce Allah gafarta malam shawara na zo nema. Haka ƙungiyar likitocin Musulmi ta Uganda wato IMAU ta yi tun 1992, suka zauna da limamai suka koya musu yadda cutar ke yaɗuwa, har keke suka ba su, su da mataimakansu suna bi gida-gida suna yi wa iyalai bayani, kuma mutane suka saurara don mai maganar shi ne ke raɗa wa 'ya'yansu suna.

Maganar kwaroron roba kuma kar ka buɗe baki da ita ranar farko. A Ugandan ma shekarar farko cire ta aka yi daga darasin saboda malamai sun ƙi, sai da aka yi ta zama ana tattaunawa sannan aka mayar. Wasu za su ce ai tsoro ne, ni dai ban ga tsoro a nan ba, wanda aka rufe wa ƙofa me zai koyar? Ka fara da abin da ba mai musu a kai, gwaji kafin aure, duba mara lafiya, riƙon marayu, haramcin tona asirin mutum.

Abu mafi wuya shi ne huɗubar da ke cewa cutar mazinata ce. Ka tambayi malam cikin ladabi, to matar da ta ɗauka a ɗakin mijinta fa, da jaririn da aka haifa da ita, da wanda aka ƙara wa jini? Tsangwama kisa take yi ba wasa ba, Gugu Dlamini a Afirka ta Kudu kashe ta aka yi a 1998 bayan ta faɗa a fili tana ɗauke da cutar. Shi ya sa kar ka taɓa matsa wa wani ya tashi gaban mutane ya bayyana kansa. In shi ya ga zai iya, to maganarsa ta fi ta kowa shiga, kamar Gideon Byamugisha, limamin cocin Angilikan a Uganda da ya fito ya faɗi tasa a 1992.

In malam ya ce a ina aka taɓa yin haka, ka ce Senegal, a 1995 manyan malamansu sun yi taro musamman kan ƙanjamau, maganar ta shiga huɗubar Juma'a.

Sai batun magani. Ka roƙi malam ya faɗa da bakinsa cewa addu'a da rubutu ba sa hana shan ARV, wato maganin da ke danne ƙwayar cutar, don akwai masu ajiye maganin in an ce musu sun warke, sai jiki ya rikice a dawo asibiti a makare. Wanda ke sha kullum har ƙwayar cutar ta daina nunawa a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Kuma kafin ka je ka san asibitin da ake gwaji kusa da ku da ranakun da ake karɓar magani, don ana idar da salla wani zai ja ka gefe ya tambaya.