Darasi na 9: Gyara da ƙarfafa aksil ɗin gaba na Land Cruiser a gida

Motar da ke bin yashin hanyar Agadas zuwa Dirku, ko taɓon fadama da damina, ƙafarta ta gaba ce ke fara gajiya. Wannan darasi kan Toyota Land Cruiser samfurin 80 ne, kuma duk ma'aunin da za ka gani nata ne. Samfurin 70 da tsohuwar Hilux mai aksil guda ƙirarsu kusan ɗaya ce, amma ma'auninsu ya ɗan bambanta.

Yadda za ka gane lokaci ya yi

Leƙa bayan tayar gaba. A kowane ƙarshen aksil, wato bututun ƙarfen da ke haɗa tayoyin biyu, akwai ƙwallon ƙarfe, da gwiwa da ke juyawa a kansa. Idan ka ga baƙin mai kamar kunu yana tsiyaya daga nan, sil ɗin ciki, wato robar da ke tsare man giya a cikin aksil, ya mutu, man giya ya shiga ya narke giris. Ƙarar ƙas-ƙas wajen shan kwana kuwa daga Birfield take, wato gaɓar da ke kai ƙarfin inji ga taya ko an karya sitiyari. Ɗaga motar ka girgiza taya sama da ƙasa. In tana kaɗawa, boris ya ci.

Abin da za ka tanada

Sil ɗin ciki 2, boris ɗin gwiwa 4, boris ɗin taya 4, sil ɗin hob (cibiyar da ake ɗaura taya a kanta) 2, gasket, woshar kulle sabuwa, da robar da ke share ƙwallo. Sai giris mai moli, baƙin nan, kamar kilo 2, giris ɗin boris daban, da man giya 80W-90 lita 3. Cikin kayan aiki kada a rasa soket mai lamba 54, sifanar auna ɗauri, sikelin rataya, sandar tagulla, kananzir da tsumma mai yawa.

Kwancewa

Tsaya a wuri mai dabe, ba cikin rairayi ba. Ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe. Kada ka yarda da jak shi kaɗai, kada kuma ka yarda da bulo. Zubar da man giya, cire taya, cire kan birki ka rataye shi da waya don kada tiyonsa ya tsinke. Woshoshin bakin hob masu siffar mazurari sukan kafe: ɗora sandar tagulla a kan bol ka buga, za su yi tsalle su fito. Bayan ka kwance manyan notoci biyu, hob zai fita, sannan sandar da yake juyawa a kanta. Birfield yana da gefe biyu masu faɗi. Juya su su kalli sama da ƙasa, sannan ka zaro shi da shaf ɗinsa. Shaf ɗin hagu ya fi na dama tsawo.

Sai cire gwiwa. Ƙarƙashin murfinta na sama akwai siraran faranti da ake kira shim. Ɗaure na kowane ɓangare daban, ka rubuta hagu ko dama. Wanke komai da kananzir har ƙarfe ya fito fes, domin ƙwayar yashi a cikin giris takan cinye sabon boris.

Ƙarfafawa

Yanzu da aksil yake fanko ne lokacin walda. Inda ya fi lanƙwashewa shi ne wuyan ƙwallo, sai dogon ɓangaren hagu. A yanko ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, a yi masa siffar kusurwa uku, a liƙa tsakanin wuyan da bututun aksil. A tabbata gwiwa tana juyawa har ƙarshe ba ta taɓa shi ba. Mai walda ya riƙa yin tsawon ɗan yatsa, ya koma ɗaya gefen, ya bari ya huce da kansa. Doguwar walda a tashi ɗaya tana jan ƙarfe ya karkace, kuma zuba ruwa yana sa shi tsagewa. Aksil ɗin da ya riga ya lanƙwashe, sai an miƙe shi tukuna. In ba haka ba, an kulle lanƙwasar ke nan, zai yi ta cin sil da taya.

Mayarwa

Sil ɗin ciki shi ne mafi araha a kayan nan, shi ne kuma dalilin yawancin aikin. Buga shi a miƙe, ka shafa masa giris a leɓe. Wajen tura shaf, tallafe shi da hannu kada nauyinsa ya yaga leɓen.

Cusa giris cikin boris ɗin gwiwa, mayar da shim, ɗaure murfin sama, da kuma notoci huɗu na ƙasan gwiwa, zuwa Nm 96 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a sifanar auna ɗauri). Kafin ka sa robar sharewa, maƙala sikeli a ramin hannun sitiyari ka ja. Ya kamata ya nuna kilo 2.5 zuwa 4.5. In ya gaza, rage shim. In ya zarce, ƙara.

Cika Birfield da giris mai moli, gwiwa kuma kashi uku cikin huɗu. Ɗaure notin hob na farko zuwa Nm 59, juya hob, sassauta, sake ɗaurewa kaɗan zuwa Nm 5.4. Sa woshar kulle, ɗaure na biyu zuwa Nm 64, ka lanƙwasa kunnuwan woshar.

A saman aksil akwai ɗan bututun shan iska. Mutane da yawa sukan manta da shi, alhali in laka ta toshe shi, zafi zai tura mai ta cikin sabon sil ɗinka. Busa shi, ka ƙara masa tiyo zuwa can sama kusa da inji saboda tsallaka ruwa. Zuba man giya har ya taɓo bakin rami, wajen lita 2.8.

Taka birki sau da yawa kafin ka motsa. Bayan kilomita 10 ɗora hannu a kan hob: ɗumi ba laifi, amma in hannu bai iya zama, boris ya matse. Bayan tafiyar farko a hanya mai gargada, sake gwada notocin nan huɗu na ƙasa, domin su ne ke riƙe da hannun sitiyari.