Yadda ake auna iskar jini da na'urar MRI ba tare da an huda ka ba

Jama'a da yawa nan Sakkwato in an ce za a duba iskar da ke cikin jini, wato oksijin, sai su ɗauka allura ce za a soka, amma ba kullum ba, MRI, na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, tana iya ganin wanga abu daga waje. Dalili shi ne jinin da ya sauke oksijin yana ɗan jirkita maganaɗisun na'urar, wanda ke ɗauke da oksijin kuwa ba ya yin haka, to wannan bambancin ne kwamfuta ke karantawa ta maida shi hoto. Seiji Ogawa, masanin kimiyya ɗan Japan, shi ya nuna hakan a 1990, kuma galibi ƙwaƙwalwa ake dubawa da ita.

To in an tura ka, tun daga gida ka cire duk wani ƙarfe, zobe, agogo, makullin mashin, katin ATM ma maganaɗisun na lalata shi, hajiya ke kuma 'yan kunne da fil ɗin mayafi, kuma don Allah kar a sa tozali ranar. In akwai na'urar bugun zuciya ko ƙarfen ɗori a jikinka ka faɗa tun kafin ka shiga ɗakin, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Za a kwantar da kai a tura ka cikin wani kogo, ƙara kamar injin niƙa, za su ba ka abin toshe kunne. Kar ka motsa kai ko kaɗan, ko ƙaiƙayi ya taso ka daure, in ka motsa hoton ya ɓaci sai an sake.

Amma fa in numfashi ne ke yi wa tsoho wuya cikin ƙurar hunturu, ɗan abin nan da nas ke maƙalawa a yatsa ya wadatar wajen auna iskar jininsa, cikin daƙiƙoƙi zai nuna lamba.