Salansar babur ɗin ƙanƙara da ta jirgin ruwa: kurakuran da na gaji da gani a Minnesota

Duk shekara a nan jihar Minnesota ta Amurka, da zarar dusar ƙanƙara ta kwanta a Disamba, sai wani sabon shiga ya kira ni, wai ya sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu, in zo in ji kukansa. Idan tafkuna suka narke kuma, a koma yi min haka da jiragen ruwa. Kukan da ake kira na in ji ɗin nan, shi ne zai jawo wa mai shi tara. Bakina ya gaji da faɗa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da wanda ya ci ni. A hunturuna na biyu a nan na cire salansar da kamfani ya saka wa babur ɗina, na ɗaura ƙarama, irin wadda mahaya suke kira gwangwani da harshensu. Hujjar da aka ba ni ita ce babur zai rage nauyi, inji ya ƙara ƙarfi. Nauyi dai ya ragu da 'yan kilo. Ƙarfi kuwa, ni ban ga abin da ya ƙaru ba sai amo, amma idan kunnenka ya cika sai ka ɗauka gudu kake yi. Wanda ya tashi yana kallon samari suna huda salansar babur ranar ɗaukar amarya ya san wannan ruɗin.

Ga abin da ban tsaya na karanta ba. Tun 1975 ake ƙera baburan ƙanƙara a kan cewa ƙararsu ba za ta wuce desibel 78 ba (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), idan an auna daga nisan ƙafa 50 ana ba inji wuta gaba ɗaya, kuma wannan lambar ce Minnesota take aiki da ita. Jihohi irin su Michigan suna da gwajin tsaye: a kafa babur wuri ɗaya, a tayar da inji, a ajiye na'ura a nisan mita 4, kada ya haura 88. Mutane suna jin 78 da 88 sai su ce ai tazarar goma ce kawai. Gwajin biyu ba daga nisa ɗaya ake yin su ba, kuma ba haka ake lissafin desibel ba. Ƙarin 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, ƙarin 10 kuma kunne yana jin sa kamar ƙarar ta ninka sau biyu. Don haka gwangwanin da mai kanti ya ce maka "ɗan ƙari ne" yana iya fitar da kai daga doka da nisa.

Tarar da jami'in kula da daji ya rubuta min ba ita ce ta dame ni ba. Minnesota tana da hanyoyin babur ɗin ƙanƙara kusan mil 22,000, kuma mafi yawansu ƙungiyoyin sa-kai ne ke share su, su kafa alamomi, su bi manoma gida-gida suna roƙon izinin ratsa gonakinsu. Manomi ba ya cin komai a ciki. Ran da ya ga dama sai ya ce a'a. Hanyar da nake bi a lokacin tana wucewa ta bayan garken wani dattijo, tsakanin hanya da tagar ɗakinsa bai fi jifa ba. Wani dare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na taso daga kwana na murɗa wuta, sai na hango shi tsaye a bakin shinge da tocila, ya ɗora kwat a kan kayan barci, cikin sanyin da numfashi yake daskarewa a gashin baki. Na tsaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, matata ba ta da lafiya, wannan ne karo na uku da kuka tashe ta a daren nan." Na ba shi haƙuri, na lallaɓa na wuce.

Da hunturu ya zagayo, sai muka tarar da sarƙa da kwado a ƙofar shingen. Ba ni kaɗai na jawo ba, amma ina cikinsu, kuma 'yan ƙungiyar sun sani, don babu mai mantawa da kukan gwangwanina. Aka karkatar da hanya ta gefen titin mota, cikin kwalbati da iska. Asabar huɗu na yi ina bin su da guduma ana kafa sababbin alamomi, ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya miƙo min kofin shayi. To kai da kake cewa kuɗinka ne, babur ɗinka ne, gonar ta ubanka ce? Mutane sun shekara ashirin suna lallashin mai ƙasa, kai ka zo cikin dare ɗaya ka ɓarar musu. Abin da nake yi yanzu: salansar kamfani ba na taɓa ta, kuma duk inda na ga hasken taga ko garke, ina sassauta wuta har sai na bar shi a baya. Wasu abokaina suna cewa akwai gwangwanin da ba ya wuce ƙa'ida. Su saya. Ni an yi min sau ɗaya.

Na biyu ya same ni a kan ruwa, kuma shi ya fi cin aljihu. Na sayi jirgi na hannu daga wata jiha, mai bututun hayaƙi da ke fita ta bangon baya, da wani maɓalli kusa da sitiyari. Ka danna, hayaƙi ya bi ta ƙarƙashin ruwa, jirgi ya yi shiru. Ka sake dannawa, ya fito kai tsaye kamar aradu. Na ce shi ke nan, kusa da gidajen mutane zan rufe, a tsakiyar tafki in buɗe. Ɗan sandan sintirin ruwa ya tare ni maɓallin yana rufe, ya leƙa ɗakin inji, ya nuna min abin da yatsa. A Minnesota, samun na'urar da za ta iya kauce wa salansa a jikin jirgi shi kansa laifi ne, ko ka danna ko ba ka danna ba. Sannan ya sa na bar inji a silo, ya riƙe na'urarsa ƙafa 4 daga bayan jirgi. Injin da aka ƙera daga 1982 zuwa yau bai kamata ya wuce 84 a wannan gwajin ba, ko 82 idan yana wucewa a nisan ƙafa 50. Tsofaffin injuna an ɗaga musu ƙafa da desibel 2. Kuɗin da na ba bakanike ya cire maɓallin ya haɗa salansa ta gaskiya ya ninka tarar. Da na tambayi mai sayarwa tun farko, da na rage kuɗin a ciniki.

Kada kuma ka ce za ka tsallaka ɓangaren Kanada na tafkin Lake of the Woods ko Rainy Lake ka saki jiki. Dokarsu ta ce dole jirgi ya yi aiki da salansa muddin yana cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, kuma a tafki mai cike da tsibirai ina za ka samu wannan tazarar?

Sauran ƙanana ne, amma ana yin su kullum. Dogaro da manhajar waya wajen auna ƙara: tana ba ka hasashe, jami'i ba zai duba ta ba. Ɗauka cewa dokar jihar da ka sayo kaya ita ce ta inda kake hawa: Michigan tana barin 90 a gwajin silo na jirgi, nan 84 ne. Mantawa da cewa sauti yana tafiya nesa a kan ruwa mai kwance, musamman da asuba da bayan magariba, har wanda ke ƙetaren tafki ya ji hirarku balle injinku. Barin salansar kamfani ta tsage ko dunƙulen robar da ke riƙe ta ya saki, ka ce ai ba ka canza komai ba. Na'ura ba ta tambayar dalili. Idan kuma za ka sayi na hannu, buɗe murfi ka duba salansar da idonka, ka tambayi mai shi ina ta asalin take. Yawancinsu tana nan a kusurwar gareji cikin ƙura, kuma idan ka nace za su haɗa maka da ita kyauta.